Kada Ka Kori Ƴan Tashe

In azumi ya kai kwana 10, yaran Dakoro kan fito tashe bayan shan ruwa. Wani ya liƙa gemun auduga, wani ya zama gwauro. Wasu mutane na korar su, wai shirme ne. Ni dai ban yarda ba. Cikin dariya yaran ke jan kunnen marowaci da malalaci, abin da babba ke jin nauyin faɗa. Ba mu kaɗai ba ne: can ƙasar Haiti ma, ana bukin shigar burtu kafin azumin Kirista na kwana 40. To, in sun yi maka sallama, miƙa musu ɗan hatsi. In kowa ya kore su, jikanka sai dai ya ji labari.