Daga Bakin Zango: Inabin Timiya

Rannan muna hira bayan la'asar, wani yaro ya rantse wai inabi sai ƙasar Turawa. Wani dattijo mutumin Agadas ya yi dariya, ya ce to a kai shi Timiya.

Timiya wani kwari ne a tsakiyar duwatsun Abzin, sama da kilomita 200 arewa da Agadas. Dutse baƙi ƙirin ta ko'ina, amma ƙasan kwarin lambuna ne: lemu, rumman, dabino da inabi. Raƙumi ko sa ke jan guga daga rijiya, ruwa ya bi ƴan hanyoyi zuwa gindin itatuwa. Aiki ne na haƙuri, ba na mai gaggawa ba.

A da Turawa masu yawon buɗe ido na tururuwa can, su ga magangarar ruwan Timiya, su hau dutsen Bagzam. A 1991 UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya. Sai tawaye ya ɓarke, ya lafa a 1995, ya dawo a 2007. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Direbobi, ƴan rakiya da maƙeran azurfa suka rasa abin yi. Wasunsu har nan Kwatano muka gan su suna tallar zobba.

Mai lambu kuwa bai bar rijiyarsa ba. Matsalarsa hanya ce: inabi ba ya jure doguwar tafiya a mota, balle da aka rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023. Shi ya sa yaron namu bai taɓa ɗanɗana shi ba.