Haƙƙin Dattawa a Wuraren Biki: Batun Hayar Keke a Bikin Kamun Kifi na Argungu

Gabatarwa

Bahaushe yana tinƙaho da girmama manya, kuma yana da hujjar yin haka. Yaro kan durƙusa ya gai da tsoho, ya karɓi kayan da ke hannunsa, ba ya kuma kiran sunansa gatsau. Sai dai akwai wani wuri da wannan ladabi yake rauni ba tare da an lura ba, wato wurin taron biki. Idan za a tafi kallon hawan salla ko wani babban taro, akan shirya yara da matasa, a ce wa tsoho ya zauna ya jira gida, wai don kada ya wahala. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da za a samar da hayar keken ɗaukar dattawa a manyan bukukuwanmu, kuma babu inda ya fi cancanta a fara kamar Bikin Kamun Kifi na Argungu a Jihar Kebbi.

Bikin da Masu Shi

An fara wannan biki a sigarsa ta yanzu a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ziyarar ta zama alamar sulhu bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, Kabawa kuma suka karrama baƙonsu da abin da suka fi gwaninta a kai, wato su. Tun daga nan bikin ya riƙa bunƙasa. A 1970 Shugaban Nijeriya Janar Yakubu Gowon da Shugaban Nijar Diori Hamani sun halarce shi, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da suka cancanci kiyayewa. Bayan dakatarwa ta kimanin shekara goma, an farfaɗo da shi a 2020.

To, saurayin da ya faɗa ruwan Matan Fada da gorarsa da homarsa a 1970 yana da shekara 20, a yau ya haura 75. Shi ne ya san yadda ake lallaɓar giwan ruwa, ya san ladubban da Sarkin Ruwa ke kiyayewa kafin a buɗe kogi, ya kuma san kirarin gidajen masunta. Abin da UNESCO ta karrama ke nan, domin irin wannan gado a ƙirjin mutane yake zaune, kuma daga bakin manya yake isa kunnen yara. Idan masu wannan sani suna kwance a zaure ranar da ake bikin, jikokinsu za su ga kifi, su ji ganga, amma su koma gida ba tare da wanda ya bayyana masu ma'anar abin da suka gani ba.

Abin da ke Hana Tsoho Zuwa

Galibin dattawan da ke zama gida ba marasa lafiya ba ne. Mutum ne mai hankalinsa da ganinsa, yana zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa, amma gwiwa ba za ta kai shi tafiya mai nisa ba. A ranar babban su, jami'an tsaro kan tsayar da motoci nesa da bakin kogi saboda cunkoso, sauran tafiyar kuwa a ƙasa ake yin ta, cikin ƙura da turereniya. Bikin yakan faɗo ne a tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da sanyi ya ja baya, rana ta fara ƙuna a kwarin Rima. Ga tsayuwar jiran manyan baƙi, ga neman wurin zama, ga matsalar makewayi wadda dattijo mai kunya ba zai iya faɗa wa ɗansa ba. Su kansa kuwa bai fi kimanin sa'a guda ba daga tashin bindiga zuwa awon kifi. Iyalin da suka taso daga Birnin Kebbi da tsohonsu sun yi tafiyar mota cikin sauƙi, amma ɗan taƙin da ke tsakanin wurin ajiye mota da rumfar kallo shi ne zai gagare su. Wannan ɗan taƙi ne ake bukatar a yi wa dabara.

Yadda Wasu Suka Yi

A ƙasar Amurka akwai manyan wuraren shaƙatawa irin su Walt Disney World na jihar Florida, wanda aka buɗe a 1971. Filin yana da faɗin da mai ziyara kan wuni yana tafiya, saboda haka a bakin ƙofa akwai wurin hayar kujera mai taya da kuma ƙaramin keke mai batir. Shi wannan keke yana da taya uku ko huɗu, da kujera, da abin tuƙi irin na babur, gudunsa kuma bai wuce saurin mai tafiya a ƙasa ba. Mutum zai biya kuɗin wuni, ya ajiye wani abu na jingina wanda za a mayar masa idan ya dawo da keken. Ta haka kaka take zagayawa tare da jikokinta daga safe har yamma. Dokar kare haƙƙin naƙasassu da ƙasar ta kafa a 1990 ta taimaka wajen tilasta wa irin waɗannan wurare su gyara hanyoyinsu da ƙofofinsu.

Mai karatu yana iya cewa wannan al'amarin Turawa ne masu kuɗi. To, ga misalin da ya fi kusa da mu. Duk alhajin da ya je Makka ya ga yadda ake tura tsofaffi a kujera mai taya wajen ɗawafi da sa'ayi, ya ga masu turawa da ake biya, ya kuma ga ƙananan kekuna masu batir da ake haya a cikin Harami. Kafin zuwan waɗannan, a kan wani irin gado ake ɗaukar raunana a kafaɗa. Dattawanmu na Kabi da Gwandu da Yawuri sun hau waɗannan kujeru a can, babu wanda ya ce mutuncinsu ya zube. Me zai sa abin da aka karɓa a can ya zama abin kunya a gida?

Matsalar Suna

Amsar wannan tambaya tana da alaƙa da harshe. Sunan da Hausawa suka fi sani shi ne keken guragu. Da zarar an ambaci wannan suna, dattijon da ya yi shekara 50 yana noma ko su zai ɗaure fuska ya ce shi ba gurgu ba ne. Sunan ya ƙulla abin hawan da wani rukuni na mutane, kuma abin takaici, a tunanin jama'a ya haɗa shi da bara. Wannan zalunci ne ga masu larurar ƙafa, cikas ne kuma ga tsofaffi. A dubi sanda: tsoho yana dogara ta cikin alfahari, domin Bahaushe ya ɗauke ta alamar girma, ga sandar sarauta ga ta liman a kan mumbari, alhali aikinta da na keken ɗaya ne, wato tallafa wa ƙafar da ta gaji. Saboda haka duk wanda zai kafa wannan haya ya fara da gyaran suna. A rubuta keken dattawa ko kujerar manya a jikin allon, masu shela a rediyo su ma su yi amfani da shi. Ɗaliban Hausa su lura da wannan, domin ƙirƙirar kalma aiki ne da ke iya buɗe wa jama'a ƙofa ko ya rufe ta.

Irin Keken da ya Dace da Mu

Ba daidai ba ne a kwaso abin Amurka a dire shi a bakin Matan Fada yadda yake. Keke mai batir an ƙera shi ne domin daɓe mai santsi. Ƙananan tayoyinsa kan nutse a rairayi, batirinsa yana bukatar caji na sa'o'i, zafi mai tsanani yana rage masa ƙarfi, kayan gyaransa kuma ba a kowace kasuwa ake samu ba. Bugu da ƙari, tsohon da bai taɓa tuƙi ba, a ba shi inji cikin dubban mutane, an jefa shi da na kusa da shi cikin haɗari. Abin da ya fi dacewa a matakin farko abu uku ne. Na ɗaya, a keɓe 'yan Keke Napep masu alama waɗanda aikinsu kawai jigilar dattawa daga wurin ajiye motoci zuwa kusa da rumfa. Na biyu, a tanadi kujeru masu faffaɗar taya da laima, kowace da mai turawa. Na uku, a shimfiɗa siririyar hanya mai tauri, a yi gangare a gefen matakala, a keɓe rumfa mai inuwa da ruwan sha da makewayi a kusa. Idan hanya ta samu, keke mai batir yana iya biyowa baya.

Ƙera irin wannan kujera bai fi ƙarfin masu sana'armu ba. A Kano, ƙungiyar waɗanda cutar shan-inna ta shafa ta daɗe tana ƙera kekuna masu taya uku da hannunta. Masu walda na Birnin Kebbi da Argungu, tare da sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, za su iya fitar da samfurin da ya dace da ƙasarmu, da tayar da kowane mai faci zai iya gyarawa. Masu turawa kuma ana iya samun su daga 'yan agaji da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, bayan an koya masu yadda ake ɗaga tsoho da saukar da shi. Wajibi ne a sami mata a cikinsu, domin tsohuwa ba za ta sake ba idan baƙon namiji ne ke riƙe da ita.

Hujjojin Masu Ja

Akwai masu cewa taro ba wurin tsoho ba ne, zamansa a gida shi ne rufin asirinsa. Gaskiya ne akwai wanda jikinsa ba zai ɗauka ba, kuma mai ciwon zuciya ko hawan jini ya kamata ya nemi shawarar likita kafin ya shiga rana. Amma a bar wa dattijo ya yanke wa kansa hukunci. Sau da yawa 'ya'ya ne ke yanke masa, suna kiran abin tausayi, alhali gudun ɗawainiya ne.

Wasu kuma za su ce jihar da ke fama da bukatun asibiti da makaranta ba ta da rarar kuɗin sayen kujerun kallo. Amsa ita ce, haya ce ake magana, kuma haya sana'a ce. Wanda ya iya ɗaukar nauyin mota da masauki zai iya biyan kuɗin kujera na wuni, marasa hali kuma a keɓe masu wani kaso kyauta daga gudummawar kamfanonin da ke tallata hajarsu a bikin. Bayan biki ma kujerun ba za su zauna banza ba. Za su yi aiki a Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831 aka mayar gidan tarihi a 1958, da hawan salla a Birnin Kebbi, da ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, da sansanin alhazai lokacin tashi. Maganar sata ko ɓata kuwa, jingina da lamba a jikin kowace kujera da rajistar mai haya sun isa magani.

Har ila yau, wannan batu yana da madogara a doka. A Janairun 2019 aka sanya hannu kan dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika a 2024. Akwai kuma dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa masu shekara 60 zuwa sama za su ƙaru daga biliyan 1 a 2020 zuwa biliyan 2.1 a 2050. Ke nan bukatar ƙaruwa za ta yi, kuma biki mai neman baƙi daga ƙasashen waje ya sani cewa da yawa daga masu yawon buɗe ido mutane ne da suka yi ritaya.

Nauyin da ke kan Iyali

Kafin hukuma ta motsa, iyali na da abin yi. Wanda ya yi niyyar kai mahaifinsa ko kakarsa ya tambaye su tukuna, cikin ladabi, ya ji abin da suke so su gani, domin wani kokawa ce ta dame shi, wani wasan kwale-kwale. A aro ko a yi hayar kujera tun kwanaki kafin tafiya, a gwada birkinta, a ga ko tana naɗewa ta shiga mota. A isa da sassafe kafin cunkoso, a riƙe magungunansa da ruwa da laima, a kuma sanya mutum ɗaya wanda ba zai rabu da shi ba. Wanda ke turawa ya tuna cewa dattijo ne a gabansa: ya riƙa shaida masa kafin ya juya, kada kuma ya amsa gaisuwar mutane a madadinsa.

Kammalawa

Bikin Argungu ya samo asali ne daga karrama baƙo, kuma Kabawa sun riƙe wannan hali shekara fiye da 90. Abin da ake nema a nan shi ne karramawar ta haɗa da 'yan gida waɗanda suka raya bikin da ƙuruciyarsu. Masarautar Argungu da gwamnatin jiha da 'yan kasuwa za su iya farawa da 'yan kujeru kaɗan da rumfa ɗaya, a ga yadda jama'a za su karɓa, sannan a faɗaɗa. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Matashin da ke tsallen faɗawa kogi a bana, idan Allah ya yi masa tsawon rai, wata rana shi ma zai bukaci wanda zai kai shi bakin ruwan.