Kalmar "Give" Ba Kyauta Kaɗai Take Nufi Ba

Tun daga shekarar 1909, lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, 'ya'yan Kanawa ke fama da Turanci. Har yau kuwa akwai wata 'yar ƙaramar kalma da ke kayar da ɗalibi a jarrabawa, ta kuma kunyata akawu a ofis, watau "give".

A aji ɗaya na firamare akan ce wa yaro ma'anarta bayarwa, shi ke nan sai ya riƙe wannan har girmansa. Alhali da zarar an ɗora mata wani ɗan gutsure sai ta sake kama. "Give up" dainawa ce ko fid da rai. "Give in" miƙa wuya ne. "Give away" takan zama kyauta, takan kuma zama tonon asiri. Ma'aikacin da aka rubuto masa "give effect to" umurni aka yi masa ya zartar da abin da aka yanke, wanda kuma ya yi "give notice" sanarwar barin aiki ya miƙa. Duk wanda ya fassara waɗannan kalma da kalma, to, ya ɓatar da mai karatu, wani lokaci ma ya jawo wa talaka asarar haƙƙinsa.

Abin mamaki shi ne Bahaushe bai kamata ya ruɗe a nan ba, domin harshensa ya riga ya koya masa wannan dabara. Ku shiga Kasuwar Kurmi ku saurara. Dillali yana ba da baki don a daidaita ciniki, mai bashi yana ba da haƙuri, wanda aka fi ƙarfi ya ba da gari, wanda ya yi fushi ya ba da baya. Muna ba da gaskiya, muna ba da kunya, muna ba da tsoro, alhali ba abin da ya fita daga hannun wani ya shiga na wani. Yaron Jakara ko Mandawari ya san duk wannan tun kafin a sa shi makaranta.

Saboda haka, a ganina, gyaran yana hannun malamai. Ya kamata a bar haddar kalmomi ɗai-ɗai, a koyar da su cikin jimla, ana kwatanta su da takwarorinsu na Hausa. Kayan aiki kuwa akwai su, tun daga ƙamus ɗin Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Makarantu irin su Kwalejin Rumfa su ajiye su inda ɗalibi zai iya ɗauka, haka kuma kowace ma'aikata da ke fassara sanarwa ga jama'a.

Masu cewa Hausa ce ke hana yaro iya Turanci su sake tunani. Wanda ya laƙanci sirrin "ba da" a harshen uwarsa, shi ne zai fi saurin gane na baƙo. Allah ya sa mu dace.