Gwajin da Aka Jingine: Shin Motocin Haidurojin Sun Cancanci Shafi a Wikipedia?

Wata gardama ta taso tsakanin abokan karatuna biyu, waɗanda ke ba da lokacinsu wajen rubuta muƙalu a Wikipedia ta Hausa. Na farko ya ƙudurta rubuta tarihin motocin bas masu aiki da iskar haidurojin da aka gwada a wasu biranen Turai shekaru fiye da 20 da suka wuce, kuma niyyarsa kowane birni ya samu shafinsa. Na biyu ya ce wannan ɓata lokaci ne. Hujjarsa ita ce an rufe gwajin, an janye motocin daga kan titi, kuma babu mai karatun Hausa da zai wayi gari yana cigiyar bas 3 da suka taɓa yawo a birnin Porto. Da maganar ta iso gare ni na ce kowannensu na riƙe da gefe guda na gaskiya, amma na fi karkata ga mai son a rubuta, bisa sharuɗɗan da zan bayyana.

Bari mu fara da abin da ya faru. A shekarar 2003 motocin wani shiri mai suna CUTE, wanda Tarayyar Turai ta tallafa wa, suka fara hawa titi. Birane 9 ne a ciki: Amsterdam, Basalona, Hamburg, Landan, Luksambur, Madrid, Porto, Stockholm da Stuttgart. Kowanne ya karɓi bas 3, jimilla 27, dukansu ƙirar Mercedes-Benz Citaro, ɗauke da na'urorin kamfanin Ballard na ƙasar Kanada. Reykjavik, babban birnin Aislan, ya samu irinsu 3 a ƙarƙashin shirin ECTOS, sannan birnin Perth na Ostareliya ya samu 3 a ƙarƙashin shirin STEP daga 2004. Lissafi ya kama 33 ke nan. An tsara gwajin na shekara 2 ne, wasu biranen suka ƙara wa'adi a ƙarƙashin wani shiri da ya biyo baya, HyFLEET:CUTE, wanda ya kai 2009. Perth ta rufe nata a 2007.

Motar ba ta ƙona iskar yadda inji ke ƙona man dizal. A kan rufinta akwai tukwane da aka matse haidurojin a ciki. Daga nan iskar na gangarowa cikin wata na'ura inda take haɗuwa da iskar oksijin, haɗuwar ta haifar da wutar lantarki, wutar ta juya motar. Abin da ke fita ta salansa tururin ruwa ne kawai. Wannan shi ne abin da ya burge hukumomin birane masu fama da hayaƙi. Sai dai haidurojin ba a haƙo shi daga rijiya a ɗura. Sai an raba shi da abin da yake manne da shi, ko dai a fasa ruwa da wutar lantarki, ko a fitar da shi daga iskar gas. Masu shirin CUTE sun sani, shi ya sa suka bambanta hanyoyin: Amsterdam da Hamburg da Stockholm sun fasa ruwa a tashar, Madrid da Stuttgart sun tace daga iskar gas, Landan da Porto kuwa a mota ake kawo musu. Ashe ba mota kaɗai ake gwadawa ba, har da tambayar daga ina iskar za ta fito, kuma nawa za ta ci.

To, mene ne ma'aunin da Wikipedia ke amfani da shi? A Wikipedia ta Turanci, wadda ƙananan harsuna da yawa ke koyi da ƙa'idojinta, abu yana cancantar shafin kansa idan majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da hannu a cikinsa, sun yi bayani mai zurfi a kansa. Babu inda aka shardanta sai abin ya yi nasara, babu kuma inda aka ce sai yana raye. Hasali ma akwai ƙa'ida bayyananna cewa cancanta ba ta tsufa: abin da ya cika sharaɗi jiya bai rasa shi don an daina maganarsa yau. Da mutuwa hujjar gogewa ce, da daular Songhai ba ta da shafi, da jirgin Concorde da aka jingine a 2003 shi ma an share shi. Saboda haka hujjar abokina na biyu, cewa motocin sun daina yawo, ba ta da ƙafa a wannan ma'auni.

Amma akwai wata hujja da bai kawo ba, wadda ta fi tasa ƙarfi, kuma ita ce ta sa ban goyi bayan na farko ɗari bisa ɗari ba. Irin waɗannan gwaje-gwaje ana buɗe su da ganga, ana rufe su da raɗa. Ranar buɗewa magajin gari ya zo, ƴan jarida su ɗauki hoto, kamfanin da ya ƙera motar ya raba takardar sanarwa, jaridu 10 su kwafi takardar nan guda kusan kalma da kalma. Ranar rufewa ba a gayyatar kowa. Wanda ya zo bayan shekaru yana neman majiya zai tarar da tulin labaran ranar buɗewa, dukansu daga baki ɗaya suka fito, ya ɗauka majiyoyi 10 gare shi alhali guda ce, kuma ta mai kaya. In ya gina muƙala a kansu, abin da zai fito talla ce da ta daskare a shekarar 2003, tana yi wa mai karatu alkawarin makomar da ba ta zo ba. Irin wannan muƙala ni ma zan ce a goge ta. Cutarta ta fi ta rashin muƙala, domin mai karatu ya shigo bai sani ba, ya fita da sanin da ba daidai ba.

Don haka tambayar da nake yi wa kowane gwaji ita ce: akwai wanda ya rubuta ƙarshensa? Akwai rahoton da ya faɗi kilomita nawa motocin suka yi, iska nawa suka sha, kwana nawa suka yi a gareji, kuma me ya sa aka daina? In akwai, kuma daga bakin da ba na mai sayarwa ba, an samu abin rubutawa.

Misalin da ya fi kowanne cika wannan sharaɗi a ganina shi ne na Whistler, wani garin tsaunuka a lardin British Columbia na Kanada. Albarkacin wasannin Olamfik na hunturu na 2010, hukumar sufuri ta lardin ta zuba bas 20 masu haidurojin a garin, kuma a lokacin babu inda ke da irin wannan adadi a wuri guda a duniya. Shirin ya ci kuɗi kusan dalar Kanada miliyan 90. Iskar da motocin ke sha daga lardin Kebek ake ɗauko ta a cikin tanka, tafiyar dubban kilomita daga wannan gefen ƙasar zuwa wancan, kuma tankar da man dizal take tafiya. A watan Maris na 2014 aka kawo ƙarshen shirin, aka mayar da motocin dizal, saboda kuɗin tafiyar da na haidurojin da gyaransu ya ninka na dizal. Jaridun Kanada sun bi wannan labari tun daga farkonsa har ƙarshensa, an yi muhawara a kansa a bainar jama'a. Ga mafari, ga tsakiya, ga ƙarshe, ga dalili. Wanda ya ce wannan bai cancanci shafi ba don motocin sun tafi, to abin da ya fi amfani a labarin yake son a binne, wato yadda aka yi suka tafi.

A ɗaya gefen akwai Montpellier ta Faransa. A farkon 2022 hukumar birnin ta soke shirin sayen bas 51 masu haidurojin, bayan ta lissafa ta ga kuɗin tafiyar da su zai ninka na motocin batir har kusan sau 6. Ko ɗaya ba ta hau titi ba. Wannan labari ne mai ma'ana, amma jimla 3 sun ishe shi a cikin babbar muƙala kan motocin haidurojin. Ba sai an gina masa ɗaki ba. Dalilin da ke bayan lissafin nasu ma a can ya kamata a bayyana shi sau ɗaya: in ka ɗauki wutar lantarki ka fasa ruwa, ka matse iskar, ka yi jigilarta, sannan ka sake mayar da ita wuta a cikin mota, kusan kashi 2 cikin 3 na ƙarfin ya zube a hanya, alhali batir yana isar da mafi yawansa ga ƙafar mota.

Biranen CUTE fa? Nan ne na rabu da abokina na farko. Mota iri ɗaya ce, kamfani ɗaya, shiri ɗaya, shekaru kusan ɗaya. Shafuka 9 za su zama maimaita sakin layi guda sau 9, ana canja sunan gari kawai, kuma ainihin darasin, wanda ke cikin kwatanta birni da birni, zai watse. Shafi guda ya kamata a yi wa shirin, da jadawalin birane da hanyar da kowanne ya samu iskarsa, ECTOS da STEP su zama sassa a ciki. Wanda ya nemi sunan gwajin Porto sai a karkatar da shi zuwa sashen da ya dace. Sau da yawa masu gardamar gogewa suna mantawa da wannan hanya ta haɗewa, sai ka ji kamar zaɓi biyu ne kaɗai, ko shafi ko shara.

Saura maganar da ta fi taɓa ni, cewa mai karatun Hausa ba ruwansa da wannan. Gaskiya ne hannayen da ke rubutu a Wikipedia ta Hausa ba su da yawa, kuma akwai garuruwanmu da malamanmu da cututtukan da ke kashe ƴaƴanmu waɗanda har yau shafukansu layi biyu ne. In mutum ya tambaye ni da me zai fara, ba zan ce masa ya fara da bas ɗin Stuttgart ba. Amma abin da za a fara da shi daban, abin da ya cancanta daban. Mai aikin sa kai yana rubuta abin da ransa ke so ne, kuma in ka goge masa shafin bas ba lalle ya koma ya rubuta na zazzaɓin cizon sauro ba, wataƙila ya rufe kwamfutarsa ne ya tafi.

Ban kuma yarda cewa labarin ya yi mana nisa ba. Wanda ya zauna a Yamai ya san layin dogon da aka shimfiɗa zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, aka yi bikinsa a farkon 2016, amma bai zama hanyar sufurin jama'a ba. Mu ma mun san aikin da ake buɗewa da ganga. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah, amma sai an bar wanen a inda za a gan shi. Ranar da wani zai zo wa hukumomin biranenmu da hoton mota mai fitar da tururin ruwa, ina son ɗan jaridar gidan rediyo da ɗalibin jami'a da ɗan majalisar gari su iya karantawa da harshensu cewa an gwada a Whistler, su san tambayar farko da za su yi: ina iskar za ta fito, wa zai biya kuɗinta bayan tallafi ya ƙare?

Wannan ba yana nufin a rubuta muƙalar a matsayin ta'aziyyar haidurojin ba. Har yanzu akwai biranen da ke tafiyar da irin waɗannan motoci, a Jamus da Sin da Koriya ta Kudu, kuma na baya sun fi na 2003 tattalin iska nesa ba kusa ba. Muƙala mai adalci za ta faɗi wannan, ta kuma faɗi cewa motocin CUTE sun nuna na'urar na iya jure aikin yau da kullum da fasinjoji a ciki, wanda shi ne abin da aka fita nema tun farko. Gwaji ana yin sa ne don a samu amsa, rufe shi a kan wa'adinsa ba faɗuwa ba ce.

Shawarar da na ba abokaina ita ce su haɗu su rubuta shafuka 3: babbar muƙala kan bas mai haidurojin, ɗaya kan CUTE da ƴan uwansa, ɗaya kan Whistler. Na roƙi wanda ya so a goge ya ɗauki sashen dalilan rufewa, domin shi ne ba zai yarda da takardar kamfani a matsayin majiya ba.