Zuwa Ganin Dangi A Ƙasar Isra'ila

Zancenmu na wannan mako a kan matar da ke da 'yar uwa a ƙasar Isra'ila ne, wadda aure ko karatu ko aikin jakadanci na maigida ya kai ta can, ta kuma aiko tana roƙon a zo a gan ta. Da yawa daga cikinmu da jin sunan ƙasar sai ranmu ya ɓaci, saboda halin da Falasɗinawa suke ciki. Nijeriya kanta ta yanke hulɗa da ita a 1973, ba ta mayar ba sai a 1992. To, ni ra'ayina shi ne, in akwai lafiya a hanya kuma maigida ya yarda, ki je. Zumunci a ƙafa yake, kuma 'yar uwarki ba gwamnati ba ce. Sai dai ki je da idonki biyu a buɗe.

Abu na farko da zai ba ki mamaki shi ne lissafin mako. Ran Lahadi suke fara aiki, yara su tafi makaranta. Ran Jumma'a da hantsi kasuwa takan cika maƙil, musamman ta Mahane Yehuda a birnin Ƙudus, kowace mace tana sauri ta gama cefane. Da rana ta faɗi shi ke nan, ranar hutunsu ta Asabar ta shiga. Kantuna sun rufe, motocin bas sun daina tafiya a galibin garuruwa har sai daren Asabar. Masu riƙo da addini a cikinsu ba su kunna wuta, ba su girki, ba su shiga mota. Uwargida takan dafa abincin tun da sauran rana, ta kunna kyandir, iyali duka su hallara a ci tare, har 'ya'yan da suka yi aure. Wannan taruwa ta mako-mako, wallahi, abin sha'awa ce.

A ɗakin girki ma akwai abin lura. Ba su cin naman alade, kamar mu. Amma kuma ba su haɗa nama da madara, har tukwane da cokula daban-daban suke ajiyewa. Saboda haka in maƙwabciyar 'yar uwarki ta gayyace ki, kada ki shiga yi mata wanke-wanke don gwaninta sai kin tambaya. Matan aure masu addini suna rufe gashinsu, wasu da ɗankwali, wasu da gashin kanti, kuma ba a raina yawan 'ya'ya a wurinsu. Ko gaisuwarsu ta "shalom" 'yar uwar sallamarmu ce.

Inda muka rabu da su shi ne wajen kunya da kara. Bayahudiyar Isra'ila tana iya tambayarki nawa mijinki yake samu tun ran da kuka fara haɗuwa. Yara suna kiran malaminsu da sunansa gatsau. Kada ki ɗauka raini ne, haka suke yi wa junansu.

Ku 'yan makaranta, ku ji wannan. Yarinya in ta gama sakandare, tana da shekara 18, galibi aikin soja take shiga na kamar shekara 2. Za ki gan ta cikin bas da bindiga a kafaɗa tana waya da uwarta. Tun bayan yaƙin yankin Gulf na 1991, sabon gida sai an yi masa ɗaki mai kaurin bango da ƙofar ƙarfe, inda ake gudu in jiniya ta yi kuka. Ran da kika sauka, ki sa a nuna miki shi kafin ki kwance kaya. Uwa a can, kamar uwa a ko'ina, barcinta rabi ne.

To, nan ne nake so ki buɗe ɗaya idon. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Balarabe ne, kuma za ki same su likitoci da masu ba da magani a asibiti. Amma ki nemi a kai ki Baitalami, wadda ba ta da nisa da Ƙudus, ki ga katangar da aka fara ginawa a 2002, da shingen sojoji inda tsohuwa Bafalasɗiniya take bin layi da takarda a hannu kafin ta wuce. Harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 ya kashe mutum wajen 1,200 a Isra'ila, yaƙin da ya biyo baya kuma ya hallaka dubun-dubatar mutane a Gaza, mata da yara da yawa a cikinsu. Matar da ta ba ki burodi da fara'a ba ta shafe wannan ba, haka nan wannan bai mayar da ita dodo ba. In kin komo gida, ki faɗi duka biyun. Wadda ta dawo tana yabon tituna kawai ta rage mana labari, haka ma wadda ta ɓoye alherin da aka yi mata don gudun bakin mutane.

Ki yi shirin tambayoyi masu yawa a filin jirgin sama, musamman in sunanki na Musulmi ne. Ki riƙe adireshin 'yar uwarki a rubuce, ki amsa da natsuwa.

Kada kuma ki taho ba ki leƙa Masallacin Ƙudus ba. Dab da ɗaya daga cikin ƙofofinsa akwai 'yar unguwa ta baƙaƙen fata, jikokin alhazan da suka fito daga Nijeriya da Cadi da Sudan da Sanagal suka zauna a can. Ki tsaya ki yi musu sallama, ki gaya musu daga inda kika fito.