AN YI MAKA AIKIN HANCI? KADA KA AJIYE MAGANIN ASIBITI



Wani magidanci ya zo wurina kwanakin baya. An yi masa tiyata a kogon hanci, an kwashe masa funfuna da majina mai kauri kamar tunkuza. Da ya ji numfashi ya buɗe, sai ya watsar da maganin likita, wai in ba shi man habbatussauda ya riƙa ɗigawa. Na ce masa: Alhaji, wallahi ba zan ba ka ba.

Sana'ata ce sayar da habbatussauda, kuma na san falalarta. Amma hancin da aka yanka ba wurin ɗiga mai ba ne. Tiyata shara ce kawai ta yi. Ƙwayar funfunar, irin su Aspergillus, tana nan cikin ƙura da gyaɗa da masarar da ta ruɓe a rumbu. Kullum muna shaƙarta. In jiki ya ci gaba da kumbura saboda ita, tsiron hancin zai dawo, a sake komawa ɗakin tiyata.

Don haka ga abin da nake gani:

1. Wanke hanci da ruwan gishiri kamar yadda aka koya maka. A tafasa ruwan, a bari ya huce.
2. Feshin hanci, irin mometasone ko fluticasone, a lizimce shi ko da an ji sauƙi. Aikinsa na watanni ne.
3. In an ba ka prednisolone, kada ka yanke shi rana ɗaya. A hankali ake rage shi. Yana ɗaga suga, mai ciwon suga ya gaya wa likita.
4. Itraconazole ba kowa ake ba shi ba, kuma yana iya taɓa hanta. Kada ka saya a kemis da kanka.
5. Ranar komawa asibiti, ka koma.

A alwala ka shaƙa ruwa a hankali, ban da face majina da ƙarfi sai likita ya yarda. Mai azumi ya yi wankin hancinsa bayan buɗa-baki da lokacin sahur.

In ido ya kumbura, ko gani ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani ya taso, a garzaya asibiti a ranar.

Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani. Ƙarasa shi ma yana cikin tawakkali. Zuma da habbatussauda a sha ta baki, bayan an tambayi likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.