Ƙwan shamuwa da hatsin Kurfey

Kowace shekara, wajen watan Mayu, shamuwa takan sauka garuruwan Kurfey, ta yi sheƙa bisa itatuwan tsakar gari. Manoman Filinge sun san zuwanta bushara ce ta damina, amma ba kowa ya san abin da ke cikin sheƙar ba.

Takan yi ƙwai 2 ko 3, ta kwanta kansu wajen kwana 30. Masu binciken tsuntsayen bakin ruwa sun gano cewa ƙwan sheƙa ɗaya ma ba girmansa ɗaya ba: babban ƙwai shi ke ba da ɗa mai nauyi, mai jure yunwar kwanakin farko. Da yake kuma ba rana guda ake ƙyanƙyashe su ba, in abinci ya yi ƙaranci autan ne ke fara mutuwa. Abincin kuwa fara ce da tsutsa, watau maƙiyan hatsi. Ashe yaron da ya hau itace ya kwashe ƙwai, rumbun ubansa ya yi wa ɓarna.

Dokar 29 ga Afrilu 1998 ta lissafa ɗibar ƙwan tsuntsun daji cikin farauta. An kuma sa Dallol Boso cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar a 2004. Amma takarda ba ta gadin sheƙa. Wajibi ne hakimai da malaman makaranta da ma'aikatan gandun daji su hana sarar itacen da shamuwa ta zauna har ƴaƴanta su tashi, su kuma gargaɗi makiyaya a bakin tabkuna, inda zakaran ƙeƙuwa ke nasa ƙwai a ƙasa.